Boila ta tsaya cikin sanyi: abin da za ka duba da abin da ba za ka taɓa ba

Sanyi ya kama, kuma kiran da ya fi yawa a wayata kwanakin nan shi ne: "Boila ta mutu, wata lamba na ƙyaftawa, wa ka sani?" Makon jiya wata uwarmu ta biya kuɗin sabuwar sensa, washegari boilar ta sake tsayawa. Ashe tsohuwar lafiyarta ƙalau, ruwa ne ke yoyo a gindin hitar ɗaki. Don haka mu fahimci abin tare.

Sensa 'yar aike ce. Akwai mai auna zafin ruwa, akwai mai auna ƙarfinsa a cikin bututu, akwai mai tabbatar da cewa wuta ta kama. Da ɗayansu ta ga abin da bai yi daidai ba, sai boila ta kashe kanta ta nuna lamba. Sau da yawa gaskiya ta faɗa, matsalar tana wani wuri. A boilar Vaillant, F22 na nufin ruwa ya yi ƙasa, F28 kuma wuta ta ƙi kamawa. A Ideal, ƙarancin ruwa F1 ne, a Baxi E119. Kowane kamfani da lambobinsa, sai ka duba littafin taka.

Abu uku za ka iya yi da hannunka. Na farko, duba mita: in ta kati ce, wataƙila kuɗin gas ne ya ƙare. Na biyu, duba agogon ƙarfin ruwa. In boila ta huce, allura ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. In ta faɗi ƙasa, ƙara ruwa ta 'yar tiyon da ke ƙarƙashi yadda littafi ya nuna. In ta riƙa faɗuwa bayan kwana biyu, akwai yoyo. Na uku, bututun roba da ke fitar da ruwa waje yakan daskare, kamar yadda ya faru a gidaje masu yawa a tsananin sanyin ƙarshen Fabrairun 2018. Zuba masa ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, sannan ka danna maɓallin sake tayarwa. In ka danna sau biyu ba ta tashi ba, ƙyale ta haka.

Daga nan aiki ya bar hannunka. Sensa takan lalace da gaske, musamman da yake ruwan Landan na da alli mai toshe ta, amma buɗe cikin boila aikin injiniya ne mai rajista da Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009. Ko ɗan unguwarku ne tun daga Nima ko Aboabo, ko tare kuke sallar Juma'a, nemi katinsa ka duba bayansa ka ga ko an yarda masa ya yi aikin boila. Kunya ba ta shiga nan. Boilar da aka haɗa ba daidai ba tana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci.

Kafin ka yarda a canza wani abu, ce wa injiniya ya gwada sensar da mita a gabanka, ya faɗa maka dalili. Kayan gyara kuma su dace da lambar GC, lamba bakwai da ke jikin boila. Na gwanjo a intanet, arha ce mai tsada.

In haya kake, kada ka ciro kuɗinka. Dokar 1985 ta ɗora wa mai gidan haya gyaran ɗumama da ruwan zafi. Dole ne kuma ya sa a duba gas duk shekara ya ba ka takardar, kuma tun 1 ga Oktoba 2022 a Ingila sai ya saka ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da boila take. Rubuta masa saƙo, ka ajiye shaida. In ya yi shiru, kai ƙara ƙaramar hukumar unguwarku.

Masu murhun da ke cin dunƙulallen garin katako ba su da yawa a nan, kuma galibin Landan na ƙarƙashin dokar hana hayaƙi. Su nasu sensa toka ce ke yawan rufe ta, sai a kashe murhu, a bari ya huce, a share kafin a yi zancen sabuwa.

In ka ji warin gas, buɗe tagogi, kada ka taɓa makunnin lantarki, fita waje ka kira 0800 111 999.

Matasa, a ƙarshen makon nan kowa ya leƙa dattijo ɗaya. Duba masa allurar ruwa, danna ƙararrawa ka ji tana kuka, ka ɗauki hoton lambar boila ka ajiye masa a waya. Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin.