Yadda Ake Shirya Rahoton Sauyin Yanayi Na Duniya, Da Abin Da Ke Sa Ƙasashe Masu Mai Kwana A Kansa

A ranar 4 ga watan Afrilu na shekarar 2022 aka fitar da wani rahoto wanda ya nuna cewa, muddin duniya na son ta tsayar da ƙaruwar zafi a kan digiri 1.5, to, kafin shekarar 2050 amfani da man fetur zai ragu da misalin kashi 60 cikin 100, iskar gas da kashi 45, kwal kuwa da kashi 95, idan aka gwada da abin da aka ƙona a 2019. Ga ƙasa irin Nijeriya, wadda mafi yawan kuɗin musayarta na ƙasashen waje daga ɗanyen mai suke fitowa, wannan magana ta wuce ta masana kimiyya kaɗai. Manyan bankunan da ke ba da rancen haƙar mai, da kamfanonin inshora, da ma'aikatun kuɗi, duk da irin waɗannan alƙaluma suke kafa hujja a lokacin da za su yanke shawara. Saboda haka ya kyautu mai karatu ya san su wane ne ke rubuta rahoton, da kuma hannuwan da yakan bi kafin ya fito.

Mai rahoton shi ne kwamitin gwamnatocin duniya kan sauyin yanayi, wanda aka fi sani da IPCC. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya su suka haɗu suka kafa shi a 1988, aka ajiye ofishinsa a birnin Jeniba na ƙasar Siwizalan, aka kuma ba wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Bert Bolin, shugabancinsa na farko. Daga lokacin zuwa yau ya fitar da manyan rahotanni shida: na 1990, da 1995, da 2001, da 2007, da na biyar tsakanin 2013 da 2014, sa'an nan na shida wanda aka soma fitarwa a 2021 aka kammala a watan Maris na 2023. Kusan kowannensu ya share fagen wata yarjejeniya. Na farko ya kai ga yarjejeniyar sauyin yanayi da aka sa wa hannu a Riyo ta Birazil a 1992, na biyu ya kai ga ta Kiyoto a 1997, na biyar kuwa shi aka riƙe a hannu aka je taron Faris na 2015.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kwamitin ba ya gudanar da bincike na kansa. Ba shi da ɗakin gwaje-gwaje, ba shi da tashar auna ruwan sama ko guda. Aikinsa shi ne ya tattaro abin da masana suka riga suka wallafa, ya tace, ya bayyana inda aka yi ittifaƙi da inda ake da saɓani. An raba aikin ga rukuni uku: na ɗaya yana duban kimiyyar yanayin kanta, na biyu yana duban illarta ga jama'a da noma da lafiya da yadda za a jure mata, na uku kuma yana duban hanyoyin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da abin da hakan zai ci.

Da farko akan kira taron masana su zana jadawalin babi-babi, wakilan gwamnatoci su amince da shi. Daga nan sai gwamnatoci da ƙungiyoyin da ke da kujerar 'yan kallo su miƙa sunayen masanansu, shugabannin kwamitin su zaɓi marubuta, suna la'akari da ƙwarewa, da yankin da mutum ya fito, da daidaito tsakanin maza da mata. Ba a biyan marubutan nan albashi. Shekaru suke yi suna wannan aiki a kan aikinsu na jami'a ko na hukuma, iyakar abin da ake yi wa na ƙasashe masu tasowa shi ne a biya musu kuɗin tafiya taro daga asusun kwamitin. Rahoton rukuni na ɗaya da ya fito ranar 9 ga Agusta, 2021, mutum 234 daga ƙasashe 66 suka rubuta shi, bayan sun auna rubuce-rubucen bincike fiye da 14,000.

Bita ita ce ƙashin bayan aikin. Daftarin farko akan buɗe shi ga masana, kuma duk wanda ya bayyana ƙwarewarsa yana iya yin rajista ya yi gyara. Daftari na biyu sai a aika wa gwamnatoci da masana gaba ɗaya. A kan wancan rahoto na 2021 kaɗai an karɓi gyare-gyare da ƙorafe-ƙorafe fiye da 78,000, kuma ƙa'ida ita ce a ba kowanne amsa a rubuce, a ƙarƙashin sa idon wasu editoci da aka naɗa musamman don haka. Bayan rahoto ya fito, akan wallafa daftarorin da gyare-gyaren da amsoshinsu, domin mai shakka ya bi sawu. Haka kuma kalmomin da ake amfani da su suna da ma'auni. In aka ce abu mai yiwuwa ne, ana nufin yiwuwarsa ta kai kashi 66 cikin 100 ko fiye. In aka ce mai yiwuwa ne ƙwarai, kashi 90. In kuwa aka ce kusan tabbas ne, kashi 99. Ɗan kasuwar da ya saba da lissafin kasada zai gane amfanin wannan nan take.

Duk da wannan tankaɗe da rairaya, kuskure yakan kuɓuce. A rahoton 2007, shekarar da kwamitin ya raba lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya da tsohon mataimakin shugaban Amurka Al Gore, an rubuta cewa ƙanƙarar duwatsun Himalaya na iya narkewa kafin 2035, alhali babu ingantaccen binciken da ya tabbatar da haka. Kwamitin ya amsa laifinsa a watan Janairu na 2010, aka sa wata majalisar cibiyoyin kimiyya na ƙasashe ta binciki tsarin aikinsa, daga bisani aka tsaurara ƙa'idar amfani da takardun da ba su bi ta hannun masu bita ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne mataki na ƙarshe. Cikakken rahoto yakan kai shafi dubbai, kuma ba ministan da zai zauna ya karance shi. Abin da ake karantawa shi ne taƙaitaccen bayani na shafuka 'yan gomomi da ake yi wa mahukunta, kuma wannan sai wakilan gwamnatoci sun amince da shi layi bayan layi, ba tare da jefa ƙuri'a ba, sai dai a yi ta tattaunawa har bakin kowa ya zo ɗaya. Akan haska jimla a bango, wakili ya ɗaga hannu ya nemi a canja kalma, a juya ga marubuta a tambaye su ko canjin ya dace da abin da ke cikin babi. In suka ce bai dace ba, ba ya shiga. Amma wakilai na da wani makamin, watau su ƙi yarda da jimla har a gaji a cire ta. Shi ya sa tarukan nan sukan kai asuba, kuma taron da ya amince da rahoton Afrilun 2022 sai da ya zarce wa'adinsa da kwana biyu.

Tarihi ya riƙe misalai. A birnin Madrid na ƙasar Sifen, cikin Nuwamban 1995, wakilan Saudiyya da Kuwaiti sun ja daga a kan jimla guda, wadda ke cewa rinjayen hujjoji na nuna ana iya gane hannun ɗan Adam a canjin yanayin duniya. Sai da dare ya raba aka daidaita kan kalmar da za a sa. Wannan jimla mai taka-tsantsan ita ce, bayan shekara 26, ta rikiɗa ta zama hukuncin 2021, wanda gwamnatoci 195 suka amince da shi, cewa babu sauran kokwanto ayyukan ɗan Adam ne suka ɗumama duniya. A Balin ta Jamus kuwa, cikin Afrilun 2014, an cire wasu zane-zanen alƙaluma da suka kasa ƙasashe gwargwadon arzikinsu suka nuna hayaƙin kowane kaso, domin wasu ƙasashen na tsoron a yi amfani da su a ɗora musu nauyi a teburin yarjejeniya. Zanen suna nan cikin babinsu, taƙaitaccen bayanin ne kawai ya rasa su.

Masu suka na cewa wannan tsari yana rage wa rahoton kaifi, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Sai dai a ganinmu ribarsa ta fi hasararsa, domin gwamnatin da wakilinta ya zauna aka karanta masa jimla ya amince, da wuya ta je taron yarjejeniya ta ce ba ta san zancen ba. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, alƙaluman taƙaitaccen bayani su ne abin da kowa ya iya haɗiyewa, mai neman cikakken hoto sai ya koma babin.

Nijeriya na da ƙafa biyu a wannan sha'ani. Tana sayar da mai, ta kuma yi alkawari a taron Gilasgo na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa kafin 2060, a shekarar da ta kafa dokar sauyin yanayi. A ɗaya ɓangaren kuma ƙasa ce ta manoma da makiyaya. Babin Afirka na rahoton 2022, wanda Farfesa Ibidun Adelekan ta Jami'ar Ibadan ke cikin mutum uku da suka jagoranci rubuta shi, ya nuna cewa sauyin yanayi ya rage saurin bunƙasar amfanin noma a nahiyar da kashi 34 cikin 100 tun daga 1961, fiye da kowane yanki na duniya. Irin wannan hujja ce wakilan Afirka ke ɗauka su je neman kuɗin jure wa fari da ambaliya.

Amma babin ya fallasa wani giɓi. Daga 1990 zuwa 2019, kashi 3.8 cikin 100 kacal na kuɗin binciken yanayi na duniya aka kashe a kan Afirka, kuma daga cikin wannan ɗan abin, kashi 78 ya tafi cibiyoyin Turai da Arewacin Amurka, cibiyoyin Afirka suka tsira da kashi 14.5. Tun da kwamitin abin da aka wallafa kawai yake aunawa, duk abin da manomin gero ya gani da idonsa na jinkirin damina, in babu masanin da ya auna ya rubuta, ba zai shiga lissafi ba. Akwai kuma ranar rufe ƙofa: a rahoton 2021, duk binciken da mujalla ba ta karɓa ba ya zuwa 31 ga Janairun shekarar, an bar shi waje.

Zagaye na bakwai ya soma a watan Yulin 2023, lokacin da aka zaɓi Jim Skea na Birtaniya shugaban kwamitin a birnin Nairobi. An amince da jadawalin babi-babi na rukunan uku a Hangzhou ta ƙasar Sin a farkon 2025, an kuma tsara kammala rahoton haɗaka a ƙarshen 2029.