ZAMA DA RINA

Jama'a, a nan Sakkwato ruwa ya fi yawa a watan Agusta, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. A wannan lokaci ne rina ke yawa. Mukan ga gidanta ƙarƙashin jinka, da bakin rumbu, da rassan dogon yaro.

Me ya sa take yawa? Da damina tsutsa takan cika gonaki. Rina tana kama tsutsa, ta tauna, ta ciyar da 'ya'yanta. Abinci ya samu, sai gida ya yi ta girma. Ashe rina tana taimakon manomi, don tana rage tsutsar da ke cin ganyen wake da auduga.

Gidan nata kuwa da itace take yinsa. Takan kankari busasshen itace, ta haɗa da miyau, ya zama kamar takarda. Kada mu haɗa ta da zanzaro, mai gini da laka. Shi ba ya cika faɗa ba.

Rina ba ta cika harbi ba sai ta ga za a taɓa ta ko gidanta. Ƙudan zuma in ya harbi mutum, ƙarinsa ya tsaya a jiki, shi kuma ya mutu. Rina kuwa tana iya harbi sau da yawa.

To, yaya za mu zauna da ita lafiya?

1. Mu hana yara jifar gidan rina.
2. In ta zo kusa, kada mu kai mata duka. Mu janye a hankali.
3. Mu rufe fura da nama da kayan zaƙi da faifai.
4. Gidan da ke nesa da hanya, mu ƙyale shi.
5. Wanda ke bakin ƙofa, babba ya rufe jikinsa ya cire shi da asuba, kafin su tashi.
6. Kada mu sa wuta ƙarƙashin jinka. Garin korar rina sai a jawo gobara.

In ta harbi mutum, a wanke wurin da sabulu, a ɗora tsumma mai ruwan sanyi. Zafi zai ragu. Amma in fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kama shi, wannan ba abin jira ba ne. A kai shi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne.

TAMBAYOYI

1. Da me rina ke gina gidanta?
2. Wane amfani take yi wa manomi?
3. Yaushe za a kai wanda ta harba asibiti?