Ruwan Ciyawa Dabam, Ruwan Latas Dabam

In kuna zaune a Nima ko Maamobi, kun san babbar kwatar da ke kwashe ruwan wanka, na wanki da ƙazantar bayi, ta zuba a kogin Odaw. A Akra, masu lambu da yawa, kamar na Dzorwulu, da irin wannan ruwa suke ban-ruwan latas, kabeji da albasa, musamman da rani. Ganyen nan ne kuke ci ɗanye a kan waakye.

Ruwan ƙazanta iri biyu ne. Akwai ruwan kwata wanda ba a yi masa komai ba. Akwai kuma wanda aka tace: a tara shi cikin manyan tafkuna ya yi kwanaki, ƙwan tsutsar ciki ya kwanta a ƙasa, rana ta kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Irin wannan ya dace da ban-ruwan ciyawar ado da ta filin ƙwallo, har yana ƙara mata taki. Amma ko da ya yi garau, kada ku sha, kada ku yi girki da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 1989 da 2006. Ma'auninta shi ne kada ƙwan tsutsa ya wuce 1 a lita guda ta ruwan ban-ruwa. Ruwan kwata yakan zarce haka, yana kuma ɗauke da taifot da kwalara. Kun tuna annobar kwalara ta 2014, wadda ta fi tsanani a Akra.

In kuna noman lambu, ku bar ruwan ya kwanta a rami, ku ɗebi na sama ba tare da kun motsa laka ba. Ku zuba a gindin shuka, ban da ganye. Ku daina ban-ruwa kwana 2 zuwa 4 kafin cira. Ku sa takalmin roba, domin wata tsutsa ta fatar ƙafa take shiga.

Uwargida, ki yar da ganyen waje, ki wanke sauran da ruwan famfo mai gudu, ki jiƙa a ruwan binega, ki ɗauraye. Ki hana yara birgima a ciyawar da aka gama yi wa ban-ruwa sai ta bushe.

In gudawa ta kama yaro, ku fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, ku kawo shi asibiti.