Hasken da ke karanta rubutun da ya koɗe

Jama'a, gidaje da yawa a Birnin Damagaram, da Mirya, da Magarya, suna da gafaka ko tsohon akwati cike da takardun kaka da kakanni. Akwai Alƙur'ani rubutun hannu mai zayyana, akwai wasiƙu, akwai takardun gado da na gona. Wasu ruwa ya taɓa su, wasu tawadar ta koɗe. Mai gida ya duba, ya ce wannan ta mutu. To, ba ta mutu ba.

Ga dalili. Bakan gizo yana da launi 7, iyakar abin da idonmu ke gani ke nan. Amma akwai wani haske gaba da ja, shi ne ɗumin da kake ji in ka matsa kusa da garwashi. Akwai wani kuma gaba da shuɗi, shi ma ido ba ya ganinsa. Masana sun ƙera na'urar hoto mai ganin duka biyun. Sai a shimfiɗa takarda cikin ɗaki mai duhu, a haska ta da launi ɗaya, a ɗauki hoto, a canza launi, a sake ɗauka, har sau 10 ko fiye. Daga nan kwamfuta ta gwama hotunan. Ba a kankare komi, ba a zuba ko ɗigon ruwa.

Kowace tawada da halinta. Tawadar gawayi da ƙaro, irin ta allo, baƙa ƙirin take fitowa cikin hasken da ke gaba da ja. Wadda aka dafa da bagaruwa da ƙarfe kuwa sai ta dusashe a cikinsa. Da haka ake rarrabe rubutu biyu da suka hau juna, ko a gane inda wani ya ƙara kalma daga baya. Ku tuna, a takardar gado kalma ɗaya gona ce.

An gwada abin, ya yi. A 1871 wani Bature matafiyi, Dabid Libinston, yana garin Nyangwe na ƙasar Kwango, takarda da tawada suka ƙare masa. Ya matse ƴaƴan itace, ya yi rubutu bisa tsohuwar jarida. A ciki ya ba da labarin yadda masu fataucin bayi suka harbe mutane ɗaruruwa a kasuwa, yawancinsu mata. Rubutun ya koɗe, baƙaƙen jaridar suka danne shi. Sai a 2011 masana suka fito da shi da wannan haske, aka karanta.

Zane ma haka ne. A Amurka akwai wani zanen fenti da Picasso, ɗan ƙasar Sipaniya, ya yi a 1901. A 2014 aka ba da sanarwa cewa ƙarƙashin fentin akwai hoton wani mai gemu ya yi tagumi. Lokacin Picasso matalauci ne, sai ya shafe tsohon zane ya ɗora sabo.

Na'urar tana da tsada, amma akwai gwajin da kowa zai iya yi kyauta. Ɗaga tsohuwar takarda a hankali wajen hasken ƙofa. In ka ga jinjirin wata 3 cikin jikinta, to, takardar Italiya ce. Irinta ce ayarin raƙuma suka riƙa kawowa daga Tarabulus ta Agadas, tun zamanin Sarki Tanimun mai ganuwa.

A Yamai, cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni tana ajiye da dubban irin waɗannan takardu, aikin da marigayi Bubu Hama ya fara. Amma da yawa suna nan hannunku.

Don haka kada ku bi rubutun da ya koɗe da biro, sabuwar tawada tana ɓata tsohuwa. Kada ku manna takarda da gam, kada ku shanya ta a rana. Ku naɗe ta cikin farin ƙyalle, ku ɗora bisa abu mai tsawo, nesa da bango saboda gara. Kafin damina ta faɗi, ku duba rufin ɗakin da take ciki.