Wasan Kwaikwayo Da Koyar Da Yara A Ƙasar Garun Malam

Da yawa daga cikinmu, 'yan makaranta har da waɗansu malamai, suna tsammani wasan kwaikwayo baƙon abu ne wanda Turawa suka kawo tare da allon bango da alli. Wannan zato kuwa ba daidai ba ne. Abin da Turawa suka kawo shi ne rubuta wasan a takarda, da gina masa dakali, da rataya labule. Amma kwaikwayon kansa, watau mutum ya ari muryar wani da tafiyarsa da tufafinsa don masu kallo su yi dariya su kuma gane wani abu, wannan kakanninmu sun san shi tun ba a san boko ba. Tun da ya ke yawancinmu ƙauyuka za a tura mu koyarwa in mun gama, ya kamata mu san abin da za mu tarar a hannun yaran. Na ɗauki ƙasar Garun Malam da maƙwabtanta, Kura da Bunkure, don misali, gama a can noman rani ya sāke zaman mutane ƙwarai, ya kuma taɓa wasannin yara.

Yaro Bahaushe ya kan fara kwaikwayo tun bai iya ɗaura wando ba. Ya sami karan dawa ya tsaga, ya lanƙwasa kansa, ya ɗaura masa tsumma, shi ke nan ya yi doki, shi kuwa ya zama hakimi, ƙannensa su ne dogarai. Yarinya kuma ta sami 'yar tsana ta goya, ta tara 'yan'uwanta a yi biki, a yi suna, a dafa tuwon ƙasa cikin gwangwani. In ka tsaya ka saurara da kyau, sai ka ji muryar uwar gidan nan sak a bakin 'yar shekara biyar, har da yadda ta kan yi wa kishiya habaici. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Ido ne da kunne.

Amma babbar makarantar wannan sana'a ita ce tashe. Hausawa sun kasa watan azumi uku, goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin salla. To, in goman farko ta wuce, sai yara su fara fita bayan an sha ruwa, ƙungiya ƙungiya, suna bin gidaje. Ana cewa sunan ya fito ne daga tashin mutane don sahur. Ko wace ƙungiya da nata wasa. Ga wanda ya liƙa auduga a haɓa, ya ranƙwafa bisa sanda, ya zama tsoho tukuf. Ga Jatau mai magani da tarkacen saiwoyi da ƙulle-ƙulle, yana lissafa cututtukan da ya ke warkarwa, 'yan amshi suna biye da shi. Ga wani da buzu da allo da zungureriyar tasbaha, ya zama malam, ana tuhumarsa da taka rawa, yana musu yana kuwa takawa. 'Yan mata su kuma su kan kifa ƙwarya cikin ruwa su kaɗa, ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji, ɗaya ta zama amarya, a nuna yadda zaman aure ya ke. Masu gida su ba su hatsi ko 'yan kuɗi, su yi gaba. A birnin Kano har manya suna da nasu, inda Nalako, Sarkin gwagware, ya kan kama wanda azumi ya riske shi ba mata, a yi ta zagayawa da shi ana ba'a.

Ku duba abin da yaro ya ke koya cikin dare ashirin ɗin nan. Ya haddace waƙa da amshinta ba tare da bulala ba. Ya nemi kayan wasa da kansa, ya ɗinka, ya shafa. Ya tsaya gaban dattawa ya buɗe baki bai ji tsoro ba. In an koma, a zauna a ƙirga abin da aka samu, a raba, wanda ya yi jagora da wanda ya riƙe jaka ko wa da rabonsa, in an yi gardama su sasanta da kansu. Lissafi ke nan, da sha'anin shugabanci. Kai, har abin da babba ba ya iya faɗa wa babba, yaro ya kan faɗa cikin tashe a yi dariya a wuce, amma wanda aka yi dominsa ya ji. Boka mai cika baki da malamin da aikinsa ya saɓa wa maganarsa duk sun san da su a ke.

Ƙauyuka kuma suna da kalankuwa. Bayan an kwashe amfanin gona, samari su kan naɗa sarkinsu da alƙali da 'yan doka da likita, su kafa mulkin wasa na 'yan kwanaki, a kawo ƙara a yanke hukunci, gari duka yana kallo. A fada kuwa akwai wasan gauta, wanda mata su kan kwaikwayi sarki da fadawansa. Ba zan tsaya a kan waɗannan ba, sai dai ku riƙe abu guda game da kalankuwa, wasa ne na mutanen da suka gama aikin shekara suka sami hutu. Za mu komo kan wannan.

Rubutaccen wasa ya shigo ne ta hannun makaranta. A shekarun 1930 Dokta R. M. East ya fitar da littafi mai wasanni shida na Hausa don 'yan makaranta. Malam Aminu Kano, sa'ad da ya ke ɗalibi a Kwalejin Kaduna tsakanin 1937 da 1942, ya shirya wasanni yana sukar zalunci da cutar talakawa, shi da abokansa suna yi gaban jama'a. A 1949 aka sami Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya ke magana a kan tsabta da lafiya. Daga baya Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sa'an nan rediyo da talabijin suka karɓa, har aka zo ga finafinan Kano waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990. Abin lura shi ne, tun farko malaman makaranta ne da ɗalibai suka riƙe abin, kuma don koyarwa suka riƙe shi.

Wanda ya fi kusa da bukatarmu shi ne abin da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a can ƙarƙashin Michael Etherton, aka gina musu gidan wasa da jar ƙasa irin ginin Hausawa. A 1977 suka fita da Wasan Manoma zuwa ƙasar Soba, daga baya suka je Maska da Bomo. Da farko su kan shirya wasa a jami'a su kai wa manoma. Sannu a hankali suka gane wannan bai isa ba, gama baƙo ko ya kai ina da ilmi, bai san inda ƙaya ta ke sukar mai gida ba. Sai suka koma zama cikin ƙauye, su ji damuwar mutane daga bakinsu, a ƙulla wasan tare da su, a tsaya a tsakiya a tambayi masu kallo, “To, yanzu me ya kamata wannan mutum ya yi?” Wannan dabara ba ta bukatar kuɗi, malamin ƙauye ma yana iya ta.

To, mu zo Garun Malam. Ƙasar tana kudu da Kura, hanyar Kano zuwa Zariya ta ratsa ta, Kadawa da Ciromawa duk cikinta su ke. A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama madatsar ruwa ta Tiga bisa kogin Kano. Daga can aka jawo ruwa ta babbar magudana, ta rarrabu ƙanana ƙanana har cikin gonaki a Bunkure da Kura da Garun Malam. Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke kula da aikin. Ƙasar da a dā ta kan bushe ƙurmus daga kaka har bazara, yanzu shinkafa ce da damina, tumatir da albasa da alkama da masara da rani. Wanda ya taɓa bi ta Kwanar Gafan lokacin tumatir ya ga kwanduna jere da manyan motoci masu kai su Kudu.

Arziki ne babba, ba mai musu. Amma ku tuna kalankuwa wasan masu hutu ne. Inda a ke noma rani da damina, yaushe za a ce an gama aikin shekara? Yaron da kakansa ya kan yi rani yana langa a dandali da farin wata, shi yanzu ya yini yana dashe, ko tsinkar tumatir, ko korar tsuntsaye daga shinkafa, in dare ya yi sai barci, ko kuwa ya tafi inda a ke kallo a waya. Tashe kuma ya shiga wani hali, gama a azumin 2025 'yan sanda sun hana shi a Kano sabo da ɓata-gari da su kan fake da shi su yi ƙwace. A ganina, in makaranta ba ta buɗe wa waɗannan wasanni ƙofa ba, babu wani wuri da ya rage musu sosai.

Ruwan nan kuma ya zo da nasa sababbin al'amura, waɗanda wasa ya fi wa'azi iya bayyana su. Ɗauki tsargiya. Mai ciwon in ya yi fitsari cikin magudana, ƙwayayen tsutsar su kan ƙyanƙyashe cikin ruwa, su shiga jikin waɗansu ƙananan katantanwa, su girma a ciki, su fito, sa'an nan su huda fatar wanda ya shiga wanka ko wanki. Bayan 'yan makonni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Yara maza su ne suka fi kamuwa, don su ne ba su rabuwa da iyo, har waɗansu mutane suna ɗaukar jinin nan alamar balaga ce. Alhali kuwa ciwo ne mai cin mafitsara a hankali, yana rage wa yaro jini da kuzari, ga shi kuwa yana da magani a asibiti, 'yan ƙwayoyi ne a ke haɗiya. Malam yana iya rubuta wannan duka a allo, yara su kwafa, su haddace, a tashi su zarce magudana. Amma a ce yaro guda ya zama katantanwa, ya lulluɓa da buhu, uku su zama tsutsotsi suna fitowa daga ƙarƙashinsa suna bin mai iyo, ga Jatau ya iso da saiwoyinsa yana rantsuwa zai warkar, ga kaka tana guɗa wai jikanta ya zama namiji. Wanda ya ga wannan ba ya mantawa. Gani ya kori ji.

Haka kuma rigimar ruwa tsakanin mai gona a bakin magudana da wanda tasa ke can ƙarshe, wanda ruwa ba ya isa gare shi sai an ƙoshi a gaba. Haka faɗuwar kuɗin tumatir ran da kowa ya kawo nasa kasuwa gaba ɗaya, da feshin maganin ƙwari ba rufe hanci, da wanke tulun feshin inda a ke ɗibar ruwa. Yaran sun fi malaminsu sanin waɗannan, don a gidajensu a ke zancen. Sabo da haka kada malam ya zauna ya rubuta musu komi. Ya tambaye su, ya bar su su ƙago maganar da bakinsu, shi nasa ya daidaita farko da ƙarshe, ya kuma tabbata abin da a ke faɗa game da ciwo gaskiya ne, in ya samu ya gayyato ma'aikacin asibitin garin ya ji gwaji.

Sauran magana ita ce iyaye, nan ne kuwa wuyar ta ke. Akwai uban da zai ce shi karatu ya aiko ɗansa, ba wasan banza ba. Akwai wanda zai ji tsoro kada 'yarsa ta saba da tsayawa gaban maza. Kada malam ya rena wannan, gama mutumin da ke tsaron mutuncin gidansa ba jahili ba ne. Hanyar da ta fi ita ce a fara gai da dagaci da liman, a gaya musu abin da wasan ya ƙunsa, in ya yiwu su ga gwaji tun ba a tara jama'a ba. A kiyaye kada a kwaikwayi wani mutum sananne a garin har a gane shi, don abin da a ke yafe wa ɗan tashe ba a yafe wa malamin gwamnati. 'Yan mata su yi nasu dabam, malama ta kai su wani babban gida da rana, matan unguwa su taru a tsakar gida. Wannan ya fi muhimmanci bisa ga yadda a ke zato, domin uwa ce ke ganin wandon yaro in ta zo wanki, ita ce za ta fara sanin akwai jini.

Game da kaya, ba a bukatar sayen kome. Inuwar bishiyar makaranta ta isa dandali, masu kallo su yi da'ira yadda suka saba. Yumɓun bakin magudana ya isa a gina shanu da tukwane da motar tumatir, karan dawa da buhun taki da tsohon kwando su ba da sauran. Yaron da kunya ta hana shi magana a sa shi ginin kaya ko kiɗan gwangwani, sau da yawa a wasa na biyu shi da kansa zai roƙi a ba shi magana. Sai dai a lura da lokaci. Kada a sa ranar wasa cikin tsakiyar tsinkar tumatir ko yankan shinkafa, ko ranar kasuwa, gama ba mai zuwa, har 'yan wasan ma rabinsu suna gona. A tambayi iyayen yaran makon da aiki ya ke sassautawa, a sa shi bayan la'asar, a kuma gama kafin kiran magariba.