Minti Biyu na Turanci a Kan Aikin Haɗin Gwiwa

A jarrabawar Turanci ta IELTS akan miƙa maka kati mai ɗauke da batun da za ka yi magana a kai, a ba ka minti 1 ka shirya, sannan ka yi magana har minti 2. Ɗalibaina ma'aikatan jinya ne masu shirin tafiya Ingila, don haka nakan ce su ba ni labarin aikin haɗin gwiwa a wani dare da aka kawo waɗanda suka yi hatsarin mota: wa ya ɗaura ƙarin ruwa, wa ya ruga kiran likita.

Ba na katse su, domin gyara a tsakiyar magana tsoro yake sa wa mutum, alhali gudanar harshe ma tana da makinta. Muryarsu nake naɗa a waya, mu saurara tare. Nan za ka ji labarin jiya ne, amma aikatau duk sun koma na yau. Wannan muke fara gyarawa, sai su sake bayarwa daga farko.