Allurar cike fatar kunne: abin da ya kamata ku sani

Duk wadda ta taɓa taya mahaifiyarta ko kakarta saka ɗan kunne ta ga yadda fatar kunne ke komawa idan shekaru sun ja. Sai ta yi laushi ta yamutse, hujin da aka yi tun ana jaririya ya koma dogon tsagi, barima ta daina tsayawa daidai, ta riƙa sunkuyawa ƙasa. A da sai dai haƙuri, ko a ja ɗankwali a rufe. Yanzu likitocin fata a Amurka da Turai suna yi wa wurin wata allura da ake kira fila, irin wadda aka saba cike leɓe da kumatu da ita. Tunda akwai asibitocin gyaran fata masu yin fila a Legas da Abuja, gara a san abin tun kafin a kai gare shi.

Kunne kusan dukkansa guringuntsi ne, ban da wannan 'yar tsoka ta ƙasa inda ake huji. Ita fata ce kawai da ɗan kitse da ƙananan jijiyoyin jini, ba ta da wani abu mai tauri da zai tallafe ta. Idan mutum ya manyanta, kitsen yana raguwa, kolajin da ke ba fata ƙarfi shi ma yana raguwa. Sai a haɗa da nauyi. 'Yan kunnen zinari masu kauri da ake zubawa a lefe, waɗanda ake wuni da su a gidan biki, wani lokaci har a kwana da su, kullum jan fatar suke yi ƙasa. Shi ya sa za a ga mace ba ta kai arba'in ba amma hujinta ya riga ya buɗe.

Abin da ake ɗurawa galibi wani ruwa ne mai kauri da yauƙi, sunansa hayaluronik asid. Ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam: akwai shi a fata, da gaɓoɓi, da cikin ido, kuma aikinsa riƙe ruwa. A 1934 ne Karl Meyer da John Palmer suka fara ware shi daga idon saniya a Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York. An daɗe ana samo shi daga zankon zakara, amma na yanzu yawanci ƙwayoyin bakteriya ne ke samar da shi a masana'anta. Sanannun sunayensa a kasuwa su ne Restylane, wanda ya fito daga Suwidin kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2003, da Juvéderm da ya samu amincewa a 2006. Sai dai a lura, amincewar ta shafi wurare ne irin su tamojin gefen baki da leɓe da kumatu. Fatar kunne ba ta ciki. Doka ta ba likita damar amfani da shi a can bisa saninsa da ƙwarewarsa, kuma ana yi, amma nauyin abin yana wuyan mai riƙe da allurar.

Aikin kansa ba ya ɗaukar lokaci. A cire ɗan kunne, a goge wurin, a shafa maganin kashe zafi, a soka siririyar allura a wurare kaɗan kewaye da hujin, sannan likita ya murza da yatsa don ruwan ya bazu daidai. Galibi kowane kunne ba ya wuce cin rabin mililita, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙaramin cokalin shayi. Nan take ake ganin canji, ko da yake kumburi da ɗan taruwar jini na iya ɗaukar kwanaki kafin su sauka. Ba na dindindin ba ne. Jiki yana narkar da shi a hankali, cikin wata shida zuwa shekara, a wasu ma fiye, domin kunne ba ya motsi kamar baki. Wadda ta fara, ta san za ta riƙa komawa tana biya.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne ɗaukar fila a matsayin maganin kowace matsalar kunne. Fila cikewa take yi, ba ta ɗinki. Idan fatar ta yi siriri ce kawai, ko hujin ya ɗan saki, tana taimakawa ƙwarai: wurin ya ciko, barima ta samu abin jingina. Amma idan hujin ya ja har ya kusa kai baki, ko kunnen ya riga ya yage gida biyu, kamar yadda yake faruwa idan ɗan goye ya fizgi ɗan kunne ko ya maƙale a mayafi, to allura ba za ta haɗe shi ba. Wannan aikin ƙaramar tiyata ne: a kashe zafin wurin, a yanke bakin tsagin, a ɗinke, a bari ya warke wata biyu ko uku, sannan a sake huji a ɗan gefe da tabon. Mai gaskiya cikin likitoci zai faɗa miki haka ko da kin zo da kuɗin allura a hannu.

Akwai kuma wani abu da ya fi shafar mu baƙar fata, wato kiloyid, tabon nan da ke tasowa ya zama ƙullutu mai tauri da ƙaiƙayi, ya girma ya wuce inda ciwon yake. Fatar kunne na cikin wuraren da ya fi fitowa, sau da yawa bayan huji, kuma yana bin jini a dangi. Wadda ta taɓa yin sa, ko take da shi a gidansu, lallai ta faɗa wa likita kafin a soka mata komai a kunne, allura ce ko tiyata. Haka mai juna biyu da mai shayarwa su dakata, don ba a gwada maganin a kansu ba. Wadda kunnenta ke ciwo ko yana ruwa ta fara warkewa tukun. Mai shan asfirin ko wani maganin tsinka jini ta sanar, amma kada ta daina sha da kanta.

Illar da ta fi muni ba kasafai take faruwa ba: ruwan ya shiga jijiyar jini ya toshe ta. Alamarta zafi mai tsanani, fatar ta ɗashe ko ta yi duhu, kuma idan aka yi jinkiri naman wurin na iya mutuwa. A nan ne hayaluronik asid ya fi sauran, domin akwai allurar da ke narkar da shi, hayaluronides. Silikon na ruwa da sauran abubuwan da ake cewa ba sa gushewa ba su da irin wannan makari. Idan suka yi ƙullutu, sau da yawa sai an kai ga wuƙar likita. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda ake tallar fila a Instagram da TikTok, a zo har gida ko a yi a shagon kitso. A 2021 FDA ta gargaɗi jama'a game da wata na'ura mai kama da biro da ke tura fila cikin fata da ƙarfin iska ba tare da allura ba, ta ce kada a yi amfani da ita.

Idan kin yanke shawarar yi, ki je wurin likitan fata ko likitan tiyatar gyaran jiki mai lasisi. Ki ce a buɗe kwalin a gabanki, ki ga sunan maganin da ranar lalacewarsa, ki duba lambar NAFDAC idan a Najeriya ne. Ki tambaya ko suna da hayaluronides a ajiye. Idan aka ce babu, ki tashi ki tafi. Bayan an yi kuma, ki bar manyan 'yan kunne sai ranar biki, ki riƙa cire su kafin ki kwanta.